Filin da Na Sa Aka Baje

Ƙarfe tara saura minti goma na safiyar wata Juma'a na ɗora kwanon ruwa a kan katako a tsakiyar filin kakanmu, na durƙusa na duba, na ce wa Baba, "Wurin nan a karkace yake." Na san lokacin domin agogon gidanmu yana gefena a cikin kwando. Ni kaɗai na iya karanta shi a gidan, ni nake murɗa shi kowace safiya, kuma a makaranta an koya mana mu rubuta lokaci a saman shafi kafin mu fara kowane aiki. Daga wannan magana tawa al'amura suka fara lalacewa, amma sai da aka yi wata huɗu kafin in san haka.

Shekarata goma sha uku, ina ajin ƙarshe na elementare a Haɗeja, Turawa ba su tafi ba tukuna. Mu uku ne mata a ajin. Biyun ƙawayen juna ne tun suna goye, ni kuwa ba ni da abokin hira sai littafi. Ba na iya kallon babba a ido. In malam ya yi tambaya nakan san amsar, amma muryata ba ta kaiwa gaban aji, sai in rubuta a allona in kife shi.

Filin yana bayan ganuwa, a bakin hanyar da ta tafi Malam Madori, inda tashar jirgin ƙasa take. Tudu ne na fako, ƙasa mai tauri kamar daɓe, da tsamiya ɗaya a samansa, ya gangaro a hankali har bakin hanya. Ba ya fid da komai. Kakanmu ya gwada gero, ya gwada wake, ya haƙura ya mai da shi wurin ɗaure jaki. Aikin Baba na gaskiya a bakin kogi yake. Da rani yakan shuka alkama da albasa yana ba su ruwa da jigo, kuma an san shi da iya gyara fangali. In ya gama fangali ya zuba guga ɗaya, ruwan zai bazu ko'ina lokaci guda, babu kusurwar da za ta sha ta bar 'yar'uwarta. Har daga Auyo akan zo a ɗauke shi ya gyara wa mutane nasu. A wurinsa ƙasar da ba ta kwanta daidai ba ƙasa ce da ba a gama aikinta ba.

Baba yana da wani amini, direban babbar mota, mutumin Barno. Ba jini tsakaninmu, amma Baffa muke ce masa, kuma shi ya kawo mana agogon nan tsaraba daga Kano. In kakar gyaɗa ta zo yakan kwaso buhuna daga ƙauyuka ya kai tashar jirgi, ya kwana a zaurenmu, motar kuma ta kwana a tudun. Yakan hau da ita har gindin tsamiya, ya juya ta ta fuskanci hanya, ya tokare taya da waigi, wato guntun itacen da suke sawa don kada mota ta motsa. Wani lokaci direbobi biyu ko uku su bi shi su jera tasu. Ba wanda ya taɓa neman komai a hannunsu. Kafin in tashi da safe sun tafi.

A ƙarshen daminar shekarar bulama, wato mai unguwarmu, ya zo zaure. Na kai musu ruwa na tsaya a bayan ƙofa.

"Malam," ya ce wa Baba, "kamfanin Turawan nan masu sayen gyaɗa suna neman wurin tara buhuna a bakin hanya. An duba an ga filinku ba a noma shi."

"Ranka ya daɗe, filin ubana ne."

"Na sani, ai da ni aka yi masa sutura. Amma ka san yadda abin yake, ƙasar da ba a amfani da ita ba ta zama a hannun mutum. Daga sama aka aiko."

"Ana amfani da shi. Motoci suna kwana."

"Kwanan alfarma ne wannan, yau akwai gobe babu. Ka killace shi, ka sa masa ƙofa, ya zama gidan motoci na haya. In kafin kaka ta ƙare na kawo ɗan aiken hakimi ya ga motoci a ciki suna haya, ina da abin faɗa. In ya tarar da wuri fayau, bakina ya mutu."

Abin da Baba ya yi niyya ke nan, shinge da ƙofa. Baffa ba ya nan da za a yi shawara da shi, an tura shi can wajen Barno ɗauko banda, ba zai dawo ba sai tsakiyar kaka. Ranar Juma'ar nan muka fita duba inda za a kafa shinge. A makon kuwa malam ya nuna mana cewa ruwa a cikin kwano ba ya karkata, sai dai abin da aka ɗora kwanon a kai. Abin ya burge ni ƙwarai, ina ta neman inda zan gwada. Da na ɗora kwanon a kan katako, ruwan ya taru a gefe ɗaya har yana neman zuba.

Baba ya tsuguna ya duba. Kowa ya san wurin tudu ne, ba sai an auna ba, amma ganin abin a cikin kwano ya taɓa shi. Ya ce, "Ni da nake gyara wa mutane fangali, a ce in karɓi baƙi a wuri a karkace?"

Na ce a hankali, "Kuma a hoton da ke littafinmu, wurin ajiye motoci shimfiɗaɗɗe ne."

Ya dube ni irin kallon da bai taɓa yi mini ba. Da yamma na ji shi a ƙofar gida yana ce wa maƙwabta, "'Yar bokon nan tawa ta auna wurin da ruwa."

Gayya ya kira. Aka aro diga a wurin leburorin hanya, aka zo da makaɗi, Inna da matan maƙwabta suka dama fura. Sau uku aka yi ta. Ana sarar fakon nan daga sama, tartsatsi na tashi a bakin diga, ana kwasa a kwanduna ana zubawa a gangare. Ni kuma ina biye da kwanona da katakona da zare. In na ce nan ya yi tudu sai a sare, in na ce nan ya yi kwari sai a cike. Manyan maza masu gemu suna tsayawa su jira abin da zan faɗa. Wani ya ce, "Ku yi a hankali, Baturen hanya yana dubawa," aka yi dariya, ni ma na yi a cikin mayafina. Ban taɓa jin daɗi irin na waɗannan kwanaki ba. Da aka gama, duk inda na ajiye kwanon ruwan yana kwance lumui. Tsamiyar ce kawai ba a taɓa ba. Aka bar ta a kan wani dunƙulen tsohuwar ƙasa da ya kai ƙugun mutum, saiwoyinta a waje ta gefe ɗaya.

Aka kafa shingen ƙaya, aka jingina zana, aka yi ƙofa da azara biyu. Mako guda bayan haka kurkunu ya fito wa Baba a idon sawu, wani kuma a gwiwa. Ya kwanta. Ba ni da wa, ba ni da ƙanen da ya isa aike, don haka tsaron filin ya faɗo kaina.

Kullum in an tashi daga makaranta nakan ci abinci, in zauna wurin Baba in naɗe masa kurkunun a jikin tsinke, kaɗan kawai, domin in aka ja da ƙarfi ya tsinke ƙafar za ta kumbura. Yakan ce hannuna ya fi na kowa haƙuri. Daga nan in ɗauki littafi da agogo in tafi filin, in hau dunƙulen tsamiya in zauna. Daga can ina hango hanya har inda ta sha kwana, da fadama a bayanta ruwa yana ja da baya, masunta suna bin sa da goruna.

Kaka ta buɗe. Motoci suka fara wucewa, tun ana ganin ɗaya a yini har suka kai a jere. Nakan ji gurnaninsu tun daga nesa, in rufe littafin, in sauko in tsaya kusa da ƙofa. Wasu sukan rage gudu, direba ya leƙo ya dubi filin, ya dube ni, ya wuce. Da magariba ta gabato in ja azara in koma gida. Baba yakan tambaya daga kan tabarma, "Yaya yau?" In ce, "Ba su shigo ba." Ya ce, "Ba su sani ba ne tukuna."

Sai na yi allo. Na samo fallen katako na rubuta da shuni da ƙaro, da boko a sama da ajami a ƙasa, cewa nan gidan motoci ne, ana ba da haya. Na ja layi da zare don kada haruffan su karkace. Na kwana uku ina yi. Masu jakuna sukan tsaya su karanta ajamin da ƙarfi su wuce.

Da mako biyu suka shige Inna ta ce zama ba zai yi ba, sai an je an gaya musu. Ta dafa gyaɗa ta zuba mini a faranti don in sami dalilin shiga tasha. Ban taɓa talla ba. 'Yan matan unguwarmu suna can suna rera kiran kayansu, ni na tsaya a gefen rumfar mai shayi bakina ya ƙi buɗewa. Direbobi suna zaune a kan benci. Na daɗe a tsaye kafin wani ɗan kamasho mai jar hula ya lura da ni.

"Ke, gyaɗar ta sayarwa ce ko kin fito da ita shan iska?"

Na durƙusa na gaishe su, na faɗi abin da na haddace tun daga gida, ina kallon ƙasa.

"Au, ita ce ta filin nan na bayan ganuwa," in ji wani. "Malama, in mun kwana a wurinku har da karatu za ki koya mana?"

Suka yi dariya. Wani mai ƙiba ya ce, "Ku bar yarinya. 'Yata, wurin naku ba ruwa. Mota tana shan ruwa kamar raƙumi."

Na koma na rubuta a littafina: ba ruwa. Washegari muka mirgina tsohuwar randa ni da Inna, na yi ta jido ruwa daga rijiya har ta cika. Na koma tasha na shaida musu. Wannan karon wani siriri mai tabon goro a haƙora ya ce ƙofar ta yi ƙunci. Na roƙi maƙwabcinmu ya matsar da azara ɗaya taku huɗu. Wani ya ce ba wurin salla. Na jera duwatsu na fitar da alƙibla, na share ciki, na ajiye buta biyu. Wani kuma ya rage murya ya ce tsamiyar nan, an ce akwai masu wuri a kanta, wato aljanu.

"Da can a gindinta kuke kwana," na ce. Ban san lokacin da maganar ta fita ba.

"Kai, ashe tana da baki!" in ji ɗan kamasho. Wanda ya yi maganar tsamiyar ya kau da kai ya kira mai shayi. Ban gane ba a lokacin, amma na lura duk sanda na kawo zancen filin sukan dubi juna kafin wani ya amsa.

Mota ɗaya ce ta taɓa shiga. Wani baƙon direba ne, bai san hanyar ba, la'asar ta yi masa a nan, ya karanta allona ya juyo. Na riƙe masa ƙofa. Na nuna masa randa da wurin salla, na ruga gida na gaya wa Baba. Ya tashi zaune ya ce, "Alhamdu lillahi, ta farko ce mai wuya." Washegari ban ji abin da malam ya koyar ba. Da aka tashi na wuce filin kai tsaye. Motar ta tafi. Ta bar ramuka biyu masu zurfi a inda tayoyin baya suka tsaya, a bayansu kuma sawun ƙafafu ne barkatai, duk yatsun sun nutse a ƙasa. Wata tsohuwa mai tsinto itace ta ce motar ce ta ƙi tashi, sai da aka tara mutanen da za su kasuwa suka yi ta turi har hantsi, direban yana ta zage-zage. Na rubuta: laifin motar ne, tsohuwa ce. Na ɗebo ƙasa na cike ramukan, na daddaɓe, na ɗora kwanon ruwa na tabbatar wurin ya koma daidai.

Baffa ya dawo a tsakiyar kaka. Na gane ƙarar motarsa tun kafin ta sha kwana, na sauko da gudu na zare azara. Ya tsaya a bakin hanya, bai kashe inji ba. Ya sauko ya shigo da ƙafa. Ya taka har tsakiya, ya doka diddigensa a ƙasa sau biyu, ya dubi tsamiyar a kan dunƙulenta. Ya daɗe yana kallonta.

"An yi aiki," ya ce.

Da yamma ya zo duba Baba. Ina tsugune ina naɗe kurkunu.

"Ka ga wurin?" in ji Baba. "Ko ƙwai ka ajiye ba zai mirgina ba."

"Na gani. Ba zai mirgina ba."

"'Yarka ce ta auna. Da kwanon ruwa, ka ji. Mu da muka tsufa a aikin ƙasa ba mu yi wannan tunanin ba."

Baffa ya dube ni, na sunkuyar da kai ina murmushi. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ɗauki goro ya ɓare. Can ya ce mai motar ya kafa masa doka bana, kada ta kwana nesa da sauran. Baba ya ce ba komai, ai bin umarnin ubangida wajibi ne. Amma bayan ya fita Baba ya juya fuskarsa bango. Daga ranar bai sake tambayata yaya yau ba. Nakan shigo in yi sallama, ya amsa, in ɗauki tsinke, in naɗe, in fita.

Ban daina zuwa ba. Na karanta duk littattafan da ke akwatin makaranta a kan dunƙulen nan, wasu sau biyu. Randa nakan zubar da ruwanta in sake sabo duk bayan kwana uku don kada ya yi gansakuka. Awaki suka gano inuwar zana, suka zama su ne masu shigowa. Akwai wata akuya mai ƙaho ɗaya da takan kwanta a cikin duwatsun sallar nan, tun ina korarta har na bari. Wani lokaci ina karatu da ƙarfi don in ji murya, in na ji tafiyar mutum a hanya in yi shiru. 'Yan matan unguwa in sun dawo daga talla sukan leƙo su ce, "Mai gidan motoci, yau nawa suka kwana?" Ba da mugunta suke yi ba, ina jin, amma nakan ɓoye fuskata a littafi har su wuce.

Abin da ya fi damuna shi ne na san inda motocin suke kwana. Gaba kaɗan da mu akwai wani kududdufi inda aka haƙi ƙasar gina hanya. Bakinsa duk ƙaya ce da sauro, ga warin majema yana busowa, ba inuwa, ba rijiya. Can suke jeruwa a kan gaɓa. Na yi ta jujjuya abin a raina. Na buɗe littafina na bi dalilan da aka ba ni ɗaya bayan ɗaya, kowanne na ja masa layi, an gyara. Ban ga abin da ya rage ba.

Buhuna suka fara raguwa a kan motoci. Ranar wata Laraba bulama ya sake zuwa zaure, ya gaida Baba da jiki, ya ce saura kwana tara ɗan aiken hakimi ya zo. Baba ya ce, "Allah ya kai mu." Bayan ya tafi Inna ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Washegari da aka idar da sallar asuba na ɗauki tulu kamar za ni rijiya, na ajiye shi a bayan shinge, na bi hanya zuwa kududdufin. Gari ya fara wayewa. Motoci shida ne a kan gaɓar, kowacce ta ba wa tudu baya, hancinta yana kallon gangaren da ya sauka ya haɗu da hanya. Na tsaya a bayan wata bagaruwa.

Direban nan mai ƙiba ya fito yana ɗaure wando, ya buge waigin tayar gaba da ƙafa, ya haye da sauri ya ja ƙofa. Ban ji ƙarar inji ba. Motar ta fara tafiya shiru kamar saniya, buhuna suna rangaji, tana ƙara gudu. Da ta kai rabin gangaren ta yi wata zabura, ta yi tari, baƙin hayaƙi ya fito ta baya, inji ya kama. Siririn nan ma haka ya yi. Na uku ma haka.

Ban san na fito daga bayan bagaruwar ba sai da na ji an ce, "Ke kuma me ya kawo ki nan da sassafe?" Baffa ne, zaune a kan matakin motarsa da buta a hannu.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baffa, me ya sa suke yin haka?"

Ya dubi gangaren, ya dube ni, ya ajiye butar. "Batir, 'yata. Duk motocin nan da kike gani babu mai batir mai rai. Zafin ƙasar nan yana cinye shi, masu motocin suna Kano, in ka ce a sayi sabo su ce kai ka kashe shi. In ta kwana ta huce ba ta tashi, sai an gangara da ita an saka giya."

"Ba akwai ƙarfen da ake murɗawa a gaba ba?"

Ya miƙo mini hannunsa na dama. Wuyan hannun a karkace yake, ban taɓa lura ba. "Shi ya yi mini wannan. In ya ƙwace ba ya tambayar sunanka."

"To me ya sa ba wanda ya faɗa mini? Sau biyar na je tasha."

"A tasha? A gaban masu kaya da fasinja? Wane direba ne zai buɗe baki ya ce motarsa ba ta tashi sai an gangara da ita? Gobe wa zai ba shi lodi? Kowa ya san ta ɗan'uwansa, kowa ya yi shiru. Gara a ce miki aljanu."

"Kai fa, Baffa?"

Ya shafa gemunsa. "Na zo zan faɗa. Na tarar da ubanki a kwance yana yabonki, ke kuma kina murmushi. Na ce bari ya warke tukuna."

Na ce za mu iya sake tara ƙasar. Na ce a sake kiran gayya, ni zan auna, a mai da tudun yadda yake, kwana takwas ya isa in an dage. Ina magana da sauri, ban taɓa jera kalmomi masu yawa haka a gaban babba ba. Ya bari na gama, sannan ya girgiza kai. Ya ce ƙasar da aka tara da kwando ba ta ɗaukar mota da kaya sai ta sha damina uku ko huɗu ta zauna, kuma ko ta zauna ba za ta koma fako ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Ɗan aiken hakimi ya zo ranar da aka ce, ya tarar da akuya a cikin duwatsun salla. Kafin wata kaka aka cire shingenmu aka kafa waya, kamfanin suka tara buhunansu a wurin. An ce akawunsu ya yaba ƙwarai, wai bai taɓa samun fili mai kyan shimfiɗa irin wannan ba, ko diga ba su sa ba. Baba ya warke ya koma lambunsa. Ni na gaya masa dalilin da bakina, ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ne ya ƙaddara, bai sake ta da zancen ba har ya rasu. In za shi kogi yakan zaga ta wata ƙofar gari, ko da ta fi nisa.

Amma a safiyar nan duk wannan bai faru ba. Motoci sun tafi saura ta Baffa, rana ta fara taɓa saman buhuna, lokacin makaranta yana matsowa. Ya tashi ya kakkaɓe riga ya nufi waigi. Akwai tambaya ɗaya da ta rage, na san ba na son amsarta, amma ban iya barin shafi ba a gama ba.

"Baffa," na ce, "da shinge kawai muka yi, ba mu taɓa ƙasar ba fa?"

Ya tsaya da ƙafarsa a kan waigin, bai juyo ba.

"Daga nan har Malam Madori babu gangare irin naku," ya ce. "Da kun bar shi yadda kakanki ya bar shi, 'yata, da korar mu za ku riƙa yi don rashin wuri."